Harsashin da Ya Fi Maƙeransa Tsawon Rai

Shekarar 1934 ta cinye manyan 'yan fashin Amurka ɗaya bayan ɗaya. A ranar 23 ga Mayu jami'an tsaro suka yi wa Clyde Barrow da budurwarsa Bonnie Parker kwanton ɓauna a wata hanyar ƙauye ta jihar Luwiziyana, suka yi wa motarsu ruwan wuta. Shi yana da shekara 25, ita 23. A ranar 22 ga Yuli aka harbe John Dillinger a ƙofar wani gidan sinima a Shikago, fitowarsa ke nan daga kallo, yana da shekara 31. Oktoba ta tafi da Charles Floyd a wata gona a jihar Ohio yana da 30. A ƙarshen Nuwamba Lester Gillis, wanda jaridu ke kira Baby Face Nelson, ya cika da raunukan harbi yana da 25, bayan shi ma ya hallaka jami'an gwamnatin tarayya biyu a artabun da suka yi a wajen Shikago. Duk cikinsu babu wanda ya ga shekara 32.

Su da ire-irensu ne suka sa 'yan sandan Amurka suka yi ta kukan cewa bindigogin da ke ƙugunsu ba su da ƙarfi. Maƙera suka duƙufa. A watan Afrilun 1935 kamfanin Smith & Wesson da ke garin Springfield a jihar Massachusetts ya fito da sabuwar libarba, kamfanin Winchester kuma ya fito da harsashin da take ci, aka sa masa suna .357 Magnum. A lokacin babu harsashin ƙaramar bindiga a kasuwa da ya kai shi ƙarfi. Sai dai ya iso ya tarar waɗanda aka fi tsoro duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ajalinsu bai jira a gama gwaji ba.

Kimanin shekara 90 ke nan, har gobe ana yin harsashin nan ana sayarwa. Mutanen da suka yi ta kai da komo a kansa kuwa, da waɗanda suka fara rataya bindigarsa suna taƙama, babu ko ɗaya da ya rage. Shi ya sa labarinsa ya cancanci a ji shi daga farko, ko ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba kuma ba ya fata.

Uban .357 shi ne harsashin da ake kira .38 Special, wanda Smith & Wesson suka fitar a ƙarshen ƙarni na 19 tare da libarbarsu ta soja da 'yan sanda ta 1899. An tsara shi a zamanin baƙin albarushi, irin mai hayaƙin nan da maharba suka sani a bindigar toka. Baƙin albarushi yana cin wuri, saboda haka aka yi kwanson harsashin da tsawo, milimita 29 da ɗoriya. Ba a jima ba aka koma albarushi marar hayaƙi, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke yin aikin da cikon kwanso ke yi a da. Kwanson ya zauna da tsawonsa, cikinsa kuwa ya zama da sauran fili. Wannan filin ne ya riƙa tsokanar masu son gwaje-gwaje. Tun da akwai wuri, me zai hana a ƙara?

Lambobin suna da ɗan ruɗarwa, gara a warware su tun yanzu. Dalmar da ke fita daga bakin .38 Special faɗinta kashi 357 ne cikin dubu na inci, wato milimita 9 da 'yan kai. Sunan .38 gado ne daga tsoffin harsasan da ake auna su da faɗin kwanso. Ke nan .38 da .357 faɗinsu ɗaya ne. Bambancin yana ga ƙarfin da ke bayan dalmar.

A watan Janairun 1920 Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita. Dokar ta zauna har Disambar 1933, kuma babu wanda ta yi wa rana kamar 'yan fasa-ƙwauri. Suka yi kuɗi, suka sayi motoci masu gudu da jikin ƙarfe mai kauri, wasunsu suna sa rigar sulke a ƙarƙashin kwat. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 1929 sai fashin banki ya ƙaru a kan wancan. Ɗan sanda ya harba .38 ɗinsa, dalma mai nauyin gram 10 ta fita da gudun da bai kai mita 270 a sakan ba, sau da yawa ƙofar mota ta tare ta ko gilashi ya karkatar da ita. Kamfanin Colt ya fara kawo tasa amsar a 1929 da harsashin .38 Super. Shekara guda bayan haka Smith & Wesson suka ɗauki ƙaton gangar jikin bindigar da suka ƙera don harsashin .44, suka huda ta daidai faɗin .38, ƙarfe ya yi kauri ta kowane gefe. Suka kira ta .38/44 Heavy Duty. Masu yin harsashi suka ɗura mata na musamman wanda ke gudun kusan mita 340 a sakan.

Amma an bar baya da ƙura. Wannan zazzafan harsashi girmansa ɗaya da na gama-gari. Babu abin da zai hana mutum ya cusa shi a tsohuwar libarbar kakansa sai gargaɗin da aka rubuta a jikin kwali. Su wa ke karanta kwali?

Cikin waɗanda suka matsa a wuce nan, babu wanda sunansa ya kai na Elmer Keith fita. An haife shi a 1899 a jihar Missouri, ya tashi a Montana. Yana ɗan shekara 12 gobara ta kama wani otal da suke ciki a garin Missoula, ya ƙone ƙwarai, hannunsa na hagu ya ƙanƙance har sai da aka miƙe shi da azaba daga baya. Mutuwa ta shinshine shi ta wuce. Ya girma ya zama makiyayin shanu a kan doki, kuma mai yi wa mafarauta jagora a duwatsun jihar Idaho. Ba injiniya ba ne, bai yi zurfin karatu ba. Shi ke narka dalmarsa, shi ke ɗura kwansunansa da hannunsa. A tsakiyar shekarun 1920 wata libarbar Colt ta tarwatse a hannunsa saboda ɗurin da ya yi mata ya fi ƙarfinta. Ya rubuta abin da ya faru ya aika wa mujallar American Rifleman, daga nan ya shiga rubutu, bai daina ba sai da jiki ya ƙi. Wani da ya tsira sau biyu haka, da ya nemi wata sana'ar. Shi darasin da ya ɗauka shi ne ya nemi bindigar da ta fi kaurin ƙarfe.

Keith ya tsara irin dalmar da har yau ake kira da sunansa: mai faffaɗan baki da kafaɗa mai kaifi wadda ke huda rami tsaf, ga kuma mafi yawan nauyinta a wajen kwanso don ta bar wa albarushi wuri. Ya yi ta gwada ta a .38/44 yana ƙara ƙarfi, yana rubuta sakamako a mujallu.

Na biyu shi ne Philip Sharpe, mutumin jihar Maine, wanda halinsa ya sha bamban da na Keith. Shi ma'abocin ma'auni ne da alƙalami, mai auna gudu da matsin wuta yana rubutawa a jadawali. Littafinsa na 1937 kan ɗurin harsashi ya daɗe yana hannun masu wannan harka. Na uku shi ne Douglas Wesson, mataimakin shugaban kamfanin, jikan Daniel Wesson wanda ya kafa shi tare da Horace Smith. Shi ne mai ikon cewa a yi. Injiniyoyin Winchester da ke New Haven suka ƙarasa aikin harsashin a 1934. Har yau marubutan tarihin bindiga suna jayayya kan wa ya fi cancantar yabo tsakanin Keith da Sharpe. Su biyun dai ba sa nan balle su ji yadda aka yanke.

Dabarar da suka ƙare a kanta ƙarama ce a ido. Sun ƙara wa kwanson .38 Special tsawon kusan ɗaya bisa takwas na inci, kimanin milimita uku da rabi, ya tashi daga 29 zuwa 33. Mutum zai zaci don a sami wurin ƙarin albarushi ne, alhali wuri kam da ma akwai. An yi ƙarin ne don kada sabon harsashin ya shiga tsohuwar bindiga. Matsin wutar da ke cikinsa ya ninka na .38 Special sau biyu, ƙarfen tsohuwar libarba ba zai ɗauka ba. Da wannan ɗan tsawo, in ka cusa shi a inda ba nasa ba sai ya toge, bindigar ta ƙi rufuwa. Ta ɗaya gefen kuwa hanya a buɗe take: mai .357 yana iya sa .38 mai araha da sauƙin bugu ya yi atisaye. Wannan na cikin abin da ya sa harsashin ya yi ƙarko a kasuwa. Sakamakon aikin shi ne dalmar nan mai gram 10 tana fita daga bututu mafi tsawo da gudun kusan mita 460 a sakan, ta riga ƙararta isa. Sunan Magnum kuma aro ne daga maƙeran bindigar farauta na Landan, Holland & Holland, waɗanda suka sa shi a wani harsashinsu tun 1912.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Mutanen nan sun san kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai ɗauka. Sun auna iyakar, sun rubuta ta, har sun yi dabarar da za ta hana jahili ƙetare ta ko da ya nace. Ƙarfe ana iya sanin ƙarshensa kafin ya fashe. Ɗan Adam ma yana da nasa ƙarshen, amma ba a buga shi a goshin kowa ba, kuma babu ɗakin gwajin da zai gaya wa mutum saura nawa. Waɗanda suka iya ƙara milimita uku da rabi a kwanson tagulla ba su iya ƙara wa kansu yini guda ba. Mu da muka taso muna jin wannan tun a makarantar allo, mun fi kowa iya faɗinsa, amma ban ga mun fi su aiki da shi ba.

Kamfanin bai yi zaton bindigar za ta sayu da yawa ba. Ƙasa na cikin talauci, ga farashin dala 60, wanda ya ɗara na duk wata bindigar da suke yi. Saboda haka suka mai da ita kayan alfarma. Mai saye shi zai zaɓi tsawon bututun da yake so, daga inci uku da rabi zuwa takwas da uku bisa huɗu, ya zaɓi irin saitin da yake so, a ƙera masa tasa shi kaɗai. A buga mata lambar rajista a jiki, a aiko masa da takardar shaida ɗauke da sunansa. Abin ya fi ƙarfin zatonsu: kafin a daina rajistar a 1939 an yi wajen 5,500. Douglas Wesson da kansa ya shiga daji da ita ya kashe manyan namun dawa, har da beyar, aka yi ta talla da labarin.

Bindiga mai lamba ɗaya an kai wa J. Edgar Hoover ne, shugaban hukumar FBI, wanda jami'ansa suka kashe Dillinger da Nelson. Ya hau kujerar a 1924 yana da shekara 29, ya zauna a kanta shekara 48, ya yi aiki a ƙarƙashin shugabannin ƙasa takwas. Ya tara bayanan sirri a kan 'yan siyasa da malamai da masu fafutuka har manya suna shakkar taɓa shi. A ranar 2 ga Mayun 1972 masu yi masa aikin gida suka same shi da safe a ɗakinsa a Washinton, zuciya ta tsaya. Babu ɗan fashin da ya fasa ƙofa, babu maƙiyin da ya ƙetare masu gadi.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne George Patton. Ya sayi tasa a 1935 yana aiki a tsibirin Hawaii, tun bai zama janar ba: mai gajeren bututu, inci uku da rabi, daga baya aka sa mata mariƙin hauren giwa da haruffan sunansa. Mutum ne da ya san wuta. An harbe shi a cinya a Faransa a watan Satumbar 1918, ya warke. A yaƙin duniya na biyu ya sauka da runduna a Maroko a 1942, ya ratsa Tunisiya, ya haye Sisili a 1943, ya kora tankokinsa ta Faransa a 1944 har cikin Jamus a 1945, sau da yawa a tsaye cikin buɗaɗɗiyar mota inda kowa ke ganinsa, da bindigoginsa masu farin mariƙi a ƙugu. Jiragen sama da manyan igwa da nakiyoyi duk ba su same shi ba. Yaƙi ya ƙare. A ranar 9 ga Disambar 1945, washegari zai kama hanyar gida Amurka, ya ce bari ya je harbin tsuntsaye. Kusa da garin Mannheim wata motar kaya ta sojojinsu ta karyo kwana a gabansu, motoci biyun suka yi karo, ba ma da wani gudu ba. Direbansa da janar ɗin da ke zaune kusa da shi babu abin kirki da ya same su. Shi kuwa ya bugu da kai, wuya ya karye, jiki ya mutu daga wuya zuwa ƙasa. Kwana 12 ya yi a gadon asibiti a Heidelberg ba ya iya ɗaga yatsa. A ranar 21 ga Disamba ya cika yana da shekara 60. Aka binne shi a Luksamburg cikin sojojinsa. Libarbar tana nan a gidan tarihi da ke Fort Knox a jihar Kentucky, lafiyarta ƙalau.

Washegari zai tafi gida. Kowa a cikinmu yana da irin wannan washegarin. Akwai bashin da aka ce sai an yi albashi, albashi ya zo ya wuce. Akwai ɗan'uwan da aka yi shekara ba a gaisa ba, ana jiran Salla ta zo a shirya. Akwai gonar marayu da ke hannun baffa, yana cewa ai yara ba su girma ba tukuna, da amanar da ba a rubuta ba, wadda in mai riƙon ya faɗi yau babu wanda ya san ta wace ce. Ba wanda ke musun mutuwa da baki. Abin da muke yi shi ne mu yanka mata lokaci da kanmu, mu ajiye ta can bayan mun aurar da yara, bayan mun gama gini, mu kuma zaɓa mata ƙofar da za ta shigo: doguwar jinya, a kan gado, da iyali kewaye ana laƙƙana mana kalmar shahada. Patton ya yi shekaru yana dakonta a fagen fama, ta same shi a kujerar baya ta mota a ranar hutu.

Kambun ƙarfin da .357 ya ɗauka ma bai daɗe a kansa ba. Keith bai taɓa gamsuwa da shi ba. Zuciyarsa tana ga babban harsashi, .44 Special, wanda ya yi kusan shekara 30 yana ɗura wa fiye da ƙa'ida yana roƙon kamfanoni su yi na kasuwa. A ƙarshen 1955 Smith & Wesson da Remington suka amsa, aka sake yin dabarar nan ta ƙara wa kwanso ɗaya bisa takwas na inci, .44 Magnum ya fito a farkon 1956. Shekara 21 kacal .357 ya yi a kan gaba. Fim ɗin Dirty Harry na 1971, wanda Clint Eastwood ya fito a ciki, ya sa mutane suka yi ta rububin libarbar .44, da yawansu ba su iya jure bugunta ba. Shi ma wasu suka zo suka haye kansa, .454 Casull, sannan .500 na Smith & Wesson a 2003. 'Yan sandan da aka yi .357 dominsu sun riƙe shi shekaru masu yawa, musamman masu sintirin manyan hanyoyi, amma daga shekarun 1980 suka koma fistol mai cin harsashi 15 ko fiye, suka ajiye mai cin shida. A wannan harka duk wanda aka kira mafi ƙarfi, wanda zai sauke shi yana kan teburin wani maƙerin.

Akwai kuma ɗaya bakin bindigar, wanda mujallun masu sha'awar makami ba sa son tsayawa a kai. Suna da tsabtataccen harshe: gudu kaza, nauyi kaza, zurfin shiga kaza, ƙarfin tsayar da mutum. Ana karantawa kamar lissafin gini. Amma abin da ake aunawa a ƙarshe shi ne yadda dalma za ta yi da naman ɗan wata, wanda aka yi wata tara da cikinsa, aka yi shekaru ana ciyar da shi. Abin da aka ɗauki shekara 25 ana reno, sakan guda bai cika ba an gama da shi. Alƙaluman hukumar kiwon lafiya ta Amurka, CDC, sun nuna a shekarar 2021 kaɗai mutum 48,830 ne harbin bindiga ya kashe a ƙasar, kuma fiye da rabinsu su ne suka juya bindigar a kan kansu. Ba na ɗora wannan adadi a kan harsashi guda, ba kuma na musun cewa akwai ɗan sandan da bindigarsa ta cece shi, ko mai gidan da ta kare wa iyali. Abin lura shi ne, mutum ya sayi makami don abokin gabar da yake hangowa a waje, sai ga shi wata rana ta baƙin ciki, ta bashi ko ta rabuwa ko ta ciwon zuciya da babu wanda ya sani, makamin yana nan a aljihun tebur, a ɗure. Injiniyoyin 1934 sun toshe hanyar da harsashi zai fasa bindiga a hannun mai ita. Wannan hanyar ba ta toshuwa da ƙarin tagulla.

Douglas Wesson ya mutu a 1956, shekarar da .44 ya sauke harsashinsa daga kan gaba. Sharpe ya bi shi a 1961 bai cika shekara 60 ba. Keith ne ya daɗe. Ya zauna a garin Salmon na jihar Idaho da ƙatuwar malafarsa da sigarinsa, yana amsa wasiƙun masu karatu, ya je farauta har Afirka, ya sa hannu wajen fito da .41 Magnum a 1964, ya buga tarihin rayuwarsa a 1979. A 1981 shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Mutumin da aka san shi da harbin abin da ke ɗaruruwan mita da ƙaramar bindiga ya ƙare kwanakinsa a gidan jinyar tsofaffi a Boise, sai an kwantar an tayar. Ya cika a watan Fabrairun 1984 yana da shekara 84. Tsakanin gobarar Missoula da wannan rana shekara 70 ne da 'yan kai, jinkiri mai tsawo a lissafinmu. Shi ma ya ƙare. A 2015 aka yi gwanjon bindigoginsa, suka watsu a hannun waɗanda suka fi taya kuɗi.

Kamfanonin ma ba su tsira ba. Masana'antar Winchester ta New Haven an rufe ta a 2006. Remington ya karye a 2018, ya sake karyewa a 2020, aka yi watanda da sassansa, tsohuwar masana'antarsa ta garin Ilion a jihar New York, yankin da aka fara sana'ar tun 1816, aka rufe ta a 2024. Smith & Wesson sun ɗauke hedikwatarsu daga Springfield sun koma jihar Tennessee a 2023. Harsashin kuwa ana ci gaba da yin sa a Amurka da Italiya da Barazil da Sabiya, da tsawon nan na milimita 33 da aka yanke tun farko.

Libarbobin farko masu rajista yanzu kayan masu tara tsoffin makamai ne, suna yawo daga wannan gwanjo zuwa wancan. Wadda aka samu tare da takardar shaidarta ta asali ta fi tsada nesa ba kusa ba, don takardun kaɗan ne suka rage. Inda babu takarda, dillalai kan nemi wasiƙa daga kundin tarihin kamfanin, wadda ke faɗin ranar da bindigar ta bar masana'anta da wanda aka fara aika wa. In sunan sananne ne, kuɗin ya ninka. In ba a san shi ba, sai a yi ciniki a kan lafiyar ƙarfen kawai.